Yadda Zaka Gane Ko Ma'aikatarku Ta Nuna Wajen Tafiyar da Canji, Ko Har Yanzu Ɗanya Ce

Akwai wani asibitin kuɗi da na taɓa yiwa aiki, bazan kama suna ba, mai asibitin ya zuba kuɗi masu yawa ya siyo kwamfutoci aka saka manhajar adana bayanan marasa lafiya, aka yi ɗan biki har da addu'a, aka ce daga ranar Litinin ba sauran kati ba sauran fayil. Bayan wata biyu na koma, kwamfutocin suna nan an lulluɓe su da ƙyalle saboda ƙura, ma'aikatan jinya sun koma kan katinsu na da, da na tambayi wata dattijuwa a ɗakin kati sai tace min "ɗana ai ni ba wanda ya nuna min abinda zan danna, ranar da aka yi koyarwar na fito daga aikin dare ne ina gida ina bacci." Manhajar lafiyarta ƙalau, wanda ya sakata ya yi aikinsa an biyashi. Kuma da na ƙara bincike sai na gano wannan ne karo na uku da aka kawo sabon abu gidan ya mutu ta wannan hanyar, toh kaga magana ta wuce ta manhaja, ɗabi'ar gidan ce.

Wannan ɗabi'ar ita muke so mu auna. Idan nace tafiyar da canji ina nufin ɓangaren mutane, wato yadda ma'aikata take ɗaukar ma'aikatanta daga yadda suka saba aiki zuwa sabuwar hanya har su zauna a kai. Masu aikin kwamfuta suna da nasu abin mai irin wannan sunan, wanda ya shafi neman izini kafin a taɓa sabar ko a sabunta manhaja, wannan daban ne kada ka haɗa su.

Tunanin auna ƙwarewar ma'aikatu hawa-hawa daga Amurka ya fito. A ƙarshen shekarun 1980 ma'aikatar tsaron ƙasar tana fama da 'yan kwangilar manhaja da basa cika alƙawari, sai cibiyar injiniyancin manhaja ta Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh, inda Watts Humphrey ya ja ragamar aikin, ta fito da tsani mai hawa biyar na gane kamfanin da ke aiki da tsari da wanda sa'a kawai yake ci, sigar farko ta fito a 1991. Daga baya kamfanin Prosci wanda Jeff Hiatt ya kafa a 1994 ya ɗauki irin tsanin nan ya ɗora shi akan harkar canji a 2004. Da shi zamu yi amfani a nan, amma sai ka gyara shi ya dace da ofisoshinmu, don in ka ɗauko fom ɗin tambayoyi ka rabawa mutane a ɗakin taro oga yana zaune, wallahi duk maki biyar-biyar zaka samu ka fita kana murna alhali gidan na yoyo.

Mataki na 1: Ka fara sanin wa ya aike ka, da abinda za'a yi da sakamakon

Kafin ka buɗe fayil ko ɗaya ka zauna da shugaban wurin, darakta ne ko mai kamfani ko shugabar makaranta, ka tambaye shi kai tsaye: ranka ya daɗe idan sakamako ya fito ya nuna gyaran daga ofishinka zai fara, za'a karɓa? Idan ya yi ta kewaye-kewaye ka san aikin zai ƙare a durowa ne. Ka nemi ya sanar da ma'aikata da bakinsa cewa za'a yi wannan aikin kuma ba binciken laifi bane, ba wanda za'a kora ko a hana ƙarin girma saboda abinda ya faɗa.

Sannan ku yanke iyaka. Duk ma'aikatar za'a auna ko reshe ɗaya? In kuna da hedkwata a Kano da rassa a Gusau da Damaturu, kar ka auna hedkwata kaɗai kace ka gama, galibi can nesa ne canji yake isa a makare kuma a karkace. Mutum uku sun isa wannan aikin, amma kar a saka wanda shi ya jagoranci canje-canjen da za'a duba, ba don ana zarginsa ba, kawai ba'a ba mutum jarabawarsa ya yi makin da kansa.

Mataki na 2: Jera canje-canjen da aka yi, ka zaɓi kaɗan

Ka ɗauki takarda ka rubuta duk wani sabon abu da aka kawo cikin shekara biyu ko uku da suka wuce wanda ya sa mutane canza yadda suke aiki. Sabuwar manhaja, haɗe sassa biyu, canza lokacin tashi, na'urar dangwala yatsa ta zuwa aiki, sabon tsarin siyen kaya, komawa sabon gini, duk ka rubuta. Har da waɗanda aka ɗora muku daga waje, kamar yadda ma'aikatun gwamnatin tarayya suka wayi gari da asusun bai-ɗaya na TSA a 2015, ko yadda shaguna da gidajen mai suka koma karɓar taransfa da POS dole a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira. Irin waɗannan suna da amfani sosai wajen awo saboda ba ku kuka zaɓi lokacin ba, a nan ake ganin ainihin halin gida.

Daga jerin ka zaɓi uku zuwa biyar. Lallai a ciki a samu wanda kowa yake alfahari da shi, a samu wanda ya mutu ba'a son maganarsa, a samu wanda ake ciki yanzu. Ogogi zasu so su tura ka wajen mai kyaun kaɗai, ka dage akan mataccen nan, ya fi sauran koyarwa.

Mataki na 3: Bin sawu a takardu da kuma a teburin aiki

Ga kowane canji da ka zaɓa ka nemi a baka abinda aka rubuta: bayanin zaman mitin, sakular da aka fitar, kasafin kuɗin aikin, takardar sa hannun waɗanda suka halarci horo, saƙonnin da aka tura a guruf ɗin WhatsApp na ofis. Kar ka tsaya karanta kyawun turancin, kwanan wata zaka bi. Yaushe aka yanke shawara, yaushe aka faɗawa ma'aikata, yaushe aka yi horo, yaushe aka fara aiki da sabon abin? Ka jera su a layi ɗaya. Sau da yawa zaka tarar sakula ta fito ranar Alhamis aiki ya fara Litinin, horo kuma sai bayan sati uku da mutane sun riga sun tsani abin. Wani lokacin kuma akasin haka, an yi horo tun wata huɗu kafin kaya su iso, kowa ya manta.

Ka duba kasafin da kyau. Nawa aka ware wa kayan aiki, nawa aka ware wa mutanen da zasu yi amfani da su? In babu layi ko ɗaya na horo da wayar da kai da wanda zai tsaya yana taimakon mutane a satin farko, ka rubuta haka. Ka nemi kuma ko an taɓa rubuta jerin waɗanda canjin zai shafa da yadda zai shafi kowa, domin abinda sabon tsarin biyan kuɗi yake nufi ga akanta daban yake da abinda yake nufi ga mai sito ko direba.

Bayan takardu sai ka tashi ka zaga, gani ya kori ji. Ka je teburin da ake aikin ka tsaya ka kalla. Abinda kake nema shine tsohuwar hanya da take raye a ɓoye: rijistar da aka ce an daina amma tana ƙarƙashin tebur, fayil ɗin Excel da wani yake riƙewa a gefe saboda bai yarda da sistem ba, ko yaro ɗaya mai bautar ƙasa da kowa yake turawa ya shigar masa da bayanai da yamma. Abu uku zaka ƙirga in akwai hali: cikin kwana nawa mutane suka fara amfani da sabon abin, mutum nawa cikin waɗanda ya kamata suke amfani da shi yau, kuma masu amfani da shin sun iya ko lalube suke. In ka tambaya aka ce maka ba wanda ya taɓa ƙirga wannan, wannan ma amsa ce babba, ka rubuta ta.

Mataki na 4: Hira da mutane, nan ne aikin yake

A nan zaka fi daɗewa kuma nan ne mutane suka fi ɓata aikin. Kowa ya san mu, ƙaramin ma'aikaci bazai kalli idon babba yace masa abin nan da ka kawo bai yi ba, tarbiyya ce kuma akwai tsoron bakin aiki, zai ce "lafiya lau ranka ya daɗe, komai na tafiya daidai" ya fita ya je majalisar mai shayi ya zazzage gaskiyar. Gaskiyar majalisar nan kake nema, don haka hira ta zama ɗaya-ɗaya, ba a ofishin oga ba, kuma kar ka naɗi murya sai da izini, ni na fi son rubutu da biro don mutane sun fi sakin jiki. Ka yi magana da kowa da yaren da yake tunani da shi, masinja da mai gadi da direba kar ka tsare su da turanci. Mata ma'aikata sau da yawa sun fi buɗe baki in mace ce ke tambayarsu, shi yasa yana da kyau cikin ku ukun a samu mace.

Ka raba mutanen gida uku: manya masu yanke shawara, na tsakiya wato shugabannin sassa da masu duba aiki, sai na ƙasa masu yin aikin da hannunsu. A ma'aikata matsakaiciya mutum goma sha biyu zuwa ashirin sun isa, amma rabinsu su zama na ƙasa, kuma kai zaka zaɓe su daga jerin sunaye, kar ka bari a zaɓo maka 'yan gaban goshi. Kar ka manta da masu aikin dare da na rassa.

Kar ka tambayi mutum "kana ganin mun iya tafiyar da canji?" Wannan tambayar ra'ayi take jawowa da fadanci. Labari zaka nema. Kace masa: ka tuna lokacin da aka kawo na'urar dangwala yatsa? A ina ka fara jin maganar, a bakin wa? Wane dalili aka baku? Kai me ka ɗauka shine ainihin dalilin? An tambaye ku ra'ayi kafin a yanke? Ranar farko da abu ya kakare maka wa ka nufa? Akwai wanda ya ƙi bi, me aka yi masa? Akwai wanda ya bi da kyau, wani ya ce masa sannu? Yau in ba wanda yake kallonka da wace hanya kake aikin?

Tambayoyin nan ba da ka aka jera su ba, suna bin tsarin da Hiatt ya kira ADKAR, wanda yake cewa mutum ɗaya baya canzawa sai abu biyar sun haɗu a jere: ya san dalilin canjin, ya so shiga ciki, ya san yadda ake yi, ya iya yi a aikace, sannan a samu abinda zai riƙe shi kar ya koma gidan jiya. Amfaninsa gare ka shine zaka ga a wane gaɓa ma'aikatarku take yawan tuntuɓe. Wasu gidajen sun iya sanarwa sosai amma basa koyarwa. Wasu kuma horo ne maganin komai a wajensu, mutum bai yarda da abu ba saboda yana tsoron za'a rage masa alawus sai a tura shi bita ta kwana uku, ya dawo da satifiket da ƙin abin a ransa yadda ya tafi.

Na tsakiyan nan ka basu lokaci na musamman, ina jin tausayinsu gaskiya, domin su ake jefawa canji daga sama ba bayani kuma su na ƙasa suke tsarewa da tambaya. Ka tambayi shugaban sashe: kai da yaranka wa ya riga jin labarin? In yace tare suka gani a allon sanarwa, ko ma yaran sun riga shi ji daga direban oga, toh ka samo babbar ɓaraka. Ma'aikaci yana son jin dalilin canji daga bakin babban shugaba, amma abinda zai shafi aikinsa da aljihunsa daga bakin wanda yake kansa kai tsaye yake son ji, in shi wannan bai sani ba sai jita-jita ta cike gurbin.

Su kuma manya tambayarsu ita ce: bayan ranar ƙaddamarwa sau nawa ka sake magana akan abin a gaban ma'aikata? Kai kana amfani da shi? Na sha ganin inda aka hana kowa neman hutu da takarda sai ta kwamfuta, amma oga shi har yanzu sai an buga masa ya sa hannu da jan biro, kuma kowa na gani.

In akwai ƙungiyar ma'aikata ka zauna da shugabanninta, ka tambaya a wane lokaci aka kira su. Duk mai son ganin tsadar rashin yin haka ya dubi tsarin biyan albashi na IPPIS da gwamnatin tarayya ta fara a 2007. Da aka zo saka jami'o'i ASUU ta ƙi, tace tsarin bai yi la'akari da 'yancin jami'a da yanayin aikinta ba kamar malaman da ke zuwa koyarwa daga wata jami'ar, har ta kawo nata mai suna UTAS, maganar tana cikin abubuwan da suka jawo yajin aikin wata takwas a 2022, a ƙarshe a Disambar 2023 majalisar zartarwa ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin. Ko wane ɓangare kake goyon baya, shekarun da ɗalibai suka yi asara ba zasu dawo ba.

Mataki na 5: Ba da maki

Yanzu ka tara hujjoji sai a ɗora su akan tsani. Ga hawa biyar ɗin yadda nake bayyana su:

Hawa na 1, ba tsari ko kaɗan. A fitar da sakula a jira, in mutane suka yi tirjiya sai a fara barazana ko lallashi bayan wuta ta riga ta kama.

Hawa na 2, akwai aiki ɗaya ko biyu da aka yi da kyau saboda wani mutum mai himma ne ya riƙe su, sauran kuma kara zube.

Hawa na 3, ayyuka da dama sun fara bin tsari tun daga farko, wasu sassan suna koyi da juna, amma har yanzu kowa da irin kiɗansa.

Hawa na 4, ma'aikata ta zaɓi hanya guda ta rubuta ta, ba'a amincewa da sabon aiki sai an ga shirin ɓangaren mutane da kuɗinsa, akwai wanda aka ɗorawa alhakin kula da hakan.

Hawa na 5, abin ya zama jinin jiki, kowane shugaban sashe ya ɗauki jagorantar canji a matsayin aikinsa, ana aunawa ana gyarawa ba sai an tuna musu ba.

Kar ka ba ma'aikata maki ɗaya dunƙule. Ka raba shi fanni biyar kamar yadda Prosci suka yi: shugabanci, wato manya suna tsayawa da jikinsu ko aike suke, aiwatarwa, wato kashi nawa na ayyukan ake yi da tsari kuma tun yaushe ake farawa, ƙwarewar mutane, wato wa aka koyawa kuma ya iya, daidaiton hanya, wato akwai tsari guda da kayan aiki guda, sai karɓuwa, wato mutane sun fahimci amfanin abin suna maganarsa ko suna ganin ɓata lokaci ne. Kowane fanni ka bashi 1 zuwa 5.

Dokata guda ce kuma bana sassauta ta: ba hujja ba maki. In darakta yace "ai muna da tsari" ka ce masha Allah a nuna min inda aka yi amfani da shi a canji biyu na ƙarshe. Kundin da wani ɗan kwangila ya rubuta aka ajiye a kabad baya kai ma'aikata hawa na 4, in ba'a buɗe shi to tana nan inda take. Ku ukun kowa ya ba da makinsa shi kaɗai tukunna, sannan ku haɗu, duk inda kuka bambanta da maki biyu ku koma kan hujja ku yi ta muhawara har ku daidaita. Rabin maki ba laifi, 2.5 abu ne da ake samu. Amma kar ku haɗa fannonin ku raba biyar ku kawo matsakaici, domin 4 a daidaiton hanya da 1 a shugabanci in ka gauraya su zasu baka adadi mai kyaun gani wanda ya ɓoye ciwon, kuma a zahiri gidan a matakin shugabancin nan yake tafiya.

Wani abu da nake yi wanda yake tada mutane daga bacci: na ba manya fom su ba kansu maki, na ajiye shi gefe da abinda na ƙasa suka faɗa. Tazarar da ke tsakani ita kanta sakamako ce, wani lokacin ma ta fi makin amfani.

Mataki na 6: Gwaji biyu kafin ka rufe

Na farko, gwajin mutum ɗaya. Ka koma kan canjin da ya yi kyau ka tambaya wa ya riƙe shi, in kowa sunan mutum ɗaya yake kira, ka tambayi kanka da za'a yi masa canjin wurin aiki gobe me zai rage? In amsar ita ce ba komai, kuna hawa na 2 komai kyawun aikin. Wannan ne yake yaudarar ma'aikatu da yawa, suna da gwarzo ɗaya sai su ɗauka gidan ne ya ƙware.

Na biyu, nauyin kaya. Ka zana kalanda ka saka duk canje-canjen da suka sauka akan mutane guda a lokaci guda. Zaka iya tarar da sashen kuɗi an basu sabuwar manhaja da sabon shugaba da binciken odita duk cikin wata ɗaya, a ƙarshen shekara ko tsakiyar azumi. Ka tambaya akwai wani ofis ko mutum da yake ganin dukkan canje-canjen a wuri ɗaya yake iya cewa a dakata da wannan sai bayan sallah? Rashin sa alama ce ta cewa baku wuce hawa na 3 ba.

In kuna son motsa hannu kafin ku fara da gidanku, ku gwada ba da maki akan abubuwan da kowa ya sani. JAMB ta fara jarabawar kwamfuta a 2013 tare da barin ta takarda, sai 2015 ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Canjin naira kuma an sanar a ƙarshen Oktoban 2022, sabbin takardun 200 da 500 da 1000 suka fara yawo 15 ga Disamba, wa'adi 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, har sai da Kotun Ƙoli ranar 3 ga Maris tace tsofaffin su cigaba da aiki zuwa ƙarshen shekarar. Ku jera kwanakin ku tambaya a wane gaɓa cikin biyar ɗin nan na ADKAR ɗalibi mai zana JAMB ya tsaya, a wanne kuma mai sayar da hatsi a kasuwar ƙauye ya tsaya.

Mataki na 7: Rahoto

Shafi biyu ko uku sun isa. Makin kowane fanni, hujjar da ta sa, maganganu kaɗan daga bakin ma'aikata ba tare da suna ba, kuma ka cire duk wani abu da zai sa a gane mai maganar, in mace ɗaya ce a sashen kar ka rubuta "wata ma'aikaciya a sashen kaza". Amana ce suka baka, in ta fita sau ɗaya ba wanda zai sake faɗa maka gaskiya.

Dan Allah kar ka cika rahoton da adadin nan da ake yawo da shi na cewa kashi 70 na canje-canje suna faɗuwa, wani malamin jami'a a Ingila, Mark Hughes, ya bi diddiginsa a 2011 bai samu ingantacciyar hujja a bayansa ba. Kwamfutocin da aka lulluɓe a gidanku da kuɗin da aka kashe a kansu sun fi shi shiga ran mai gida.

Ka kai wa shugaba shi kaɗai tukunna kafin taron kowa da kowa, babba baya son a bashi mamaki a gaban yaransa, in ya ji a ɓoye ya huce ya fi sauƙin tsayawa ya faɗa da bakinsa. Shawara kuma kar ta wuce uku, kowacce da sunan wanda zai yi ta da ranar gamawa. Wanda ke hawa na 1 abinda yake buƙata shine a ɗauki canji ɗaya mai zuwa a yi shi da kyau daga farko har ƙarshe kowa ya gani. Na hawa na 2 ya rubuta yadda gwarzon nasu yake yi a koyawa mutum biyar. Na hawa na 3 ya zaɓi hanya guda ya saka ta cikin sharaɗin sakin kuɗin aiki. Kuma ba kowa ne yake buƙatar hawa na 5 ba, makarantar da ke da malamai talatin in ta zauna daram a hawa na 3 ya ishe ta, banki ko kamfanin sadarwa da kullum cikin sauyi suke su ne zasu nemi sama da haka.

Waɗanda kuka yi hira da su ma ku koma ku faɗa musu abinda aka samu da abinda za'a yi, ko a taron minti goma ne. Sannan ku ajiye tambayoyin da takardar makin a inda wanda zai gaje ku zai same su, bayan shekara ɗaya a sake awon da tambayoyin nan dai, akan sabbin canje-canjen da aka yi a tsakani, a fara da masu aikin dare.